Amsoshin Tambayoyinku: Me ɗan kasuwa ke nema a dogon Kano zuwa Maraɗi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako duk sun taru ne a kan sufuri, kuma galibinsu daga 'yan kasuwa suka fito.

Ta farko daga wani Alhaji ce mai harkar riɗi a kasuwar Dawanau. Yana cewa shekara da shekaru yana jin labarin jirgin ƙasa, amma har yau kayansa a tirela suke tafiya Legas. Shin wannan dogo na Maraɗi zai amfani irinsa, ko na fasinja ne kawai?

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. An tsara layin ne don kaya da mutane. Tsawonsa kilomita 284, daga Kano ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ya tsallaka zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar a 2020 kan kusan dala biliyan 2, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, aka aza harsashi a Fabrairun 2021.

To amma riɗinka bakin teku yake nema, kuma a nan gizo ke saƙar. Sabon dogo mai faɗi ya tashi daga Legas ya tsaya Ibadan a 2021. Na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016. Na Kaduna zuwa Kano an ƙaddamar da aikinsa a 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa akwai giɓi. Tsohon dogon Turawa yana nan, sai dai faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435, don haka taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Kai ka fi ni sanin abin da sauke kaya a sake lodi yake ci: kuɗin 'yan dako, buhun da ya yage, kwanakin da kaya suka yi a ƙasa, uwa uba ɗan kasuwar waje da ke jira ya gaji. Gyaɗar Kano ta yi tashe daga 1912, har aka zo ana tara ta dala-dala, saboda dogo guda ne ya haɗa Kano da Legas. A ganina, duk ɗan kasuwar Arewa da ke son dogon Maraɗi ya yi riba, to ya ɗaga murya a kan giɓin Ibadan kamar a ƙofar shagonsa yake.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Maraɗi, mai saro atamfa da shadda a Kantin Kwari. Tambayarta gajeriya ce: idan aka sake rufe iyaka, ina amfanin jirgin?

Hajiya, wannan tambaya ta taɓa zuciyata, domin wanda ya taɓa ƙonewa shi ya san zafin wuta. An rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. Mutanen Jibiya da Ɗan Isa sun ga yadda motoci suka yi jerin gwano kaya na ruɓewa a ciki. Ɗan kasuwa zai iya jure tsadar kuɗin mota, ya ɗora a kan kaya. Abin da ba ya iya jurewa shi ne rashin tabbas. Ba wanda zai ci bashin banki ya gina sito kusa da tasha alhali bai san ko baɗi jirgin zai tsallaka ba. Shi ya sa kafin a gama shimfiɗa ƙarfe ya kamata ƙasashen biyu su rattaba hannu kan yadda za a duba kaya, a ofishin kwastan guda, da takarda guda, da alkawarin cewa saɓanin shugabanni ba zai tsayar da tarago ba. Darasin yana gidanku ma: dogon Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, an shimfiɗa shi, amma da yake ba a haɗa shi da na Parakou da ke zuwa Kwatano ba, yana nan kwance.

Wani direban tirela daga Funtuwa ya ce, shin jirgin nan ba abincinsu zai ƙwace ba? Malam direba, ba zan ɓoye maka ba, doguwar tafiyar siminti da taki da kwantena za ta ragu. Sai dai jirgi ba ya shiga kasuwar ƙauye. Dole mota ta kwaso masara daga Bakori da Dandume zuwa tasha, kuma ga tashar tsandauri, wato wurin da kwastan ke tantance kwantenonin shiga da fita ba sai a bakin teku ba, an buɗe muku a Funtuwa a 2024. Ku matsa wa shugabannin NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, su nemi a ware muku wurin lodi a jikin kowace tasha tun ana zane.

Ta ƙarshe daga mai masana'antar roba ce a Sharaɗa. Ya ce ma'aikatansa na zuwa a makare, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ke cinye albashinsu. Me ya sa ake maganar ayyukan sufuri masu ɗaukar shekara ashirin alhali matsalar ta yau ce?

Ranka ya daɗe, matsalar yau ɗin ita ce shirin da ba a yi ba jiya. An hana acaɓa a Kano a 2013, ba a tanadi manyan motocin da za su wadaci gari ba, sai adaidaita sahu ta cike gurbin. Irin waɗannan ayyuka kuma suna wuce wa'adin gwamna ɗaya. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki an ba da kwangilarta tun 2006, sai a Janairun 2023 aka buɗe. Dogon Itakpe zuwa Warri an fara shi a 1987, aka ƙaddamar a 2020. Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shimfiɗa nasu dogon. Shawarata ita ce ku da KACCIMA, wato cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, da ƙungiyar masu masana'antu ku nemi majalisar jiha ta yi doka ta keɓe hanyar da bas ko jirgin cikin gari zai bi daga unguwanni zuwa Sharaɗa, Challawa da Bompai, tun kafin a yanka filayen a gina shaguna, a zo ana neman kuɗin diyya. Kafin nan, ku maƙwabta uku ko huɗu ku haɗa kuɗi ku ɗauki hayar bas mai ɗauko ma'aikata safe da yamma, a rubuta lokacin tashinta a ƙofar kowace masana'anta.