Abin da zafi ya yi wa injin yankan ƙarfen ƙanena a Gombe

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo, musamman masu sana'ar walda na Gombe da Bauchi. Daga birnin Bursa na ƙasar Turkiyya nake magana da ku, a ɗakin gyara na masana'antar da nake aiki. Abin da kuke gani a kan teburin nan ƙaramin injin yankan ƙarfe ne na filasma, wato mai yanka da harshen wutar lantarki da iska mai matsi, mai amfiya 40, irinsu ɗaya da wanda ƙanena yake aiki da shi a shagonsa da ke Tudun Wadan Gombe. Na aro shi ne domin in nuna muku da hannu abin da muka kwana biyu muna bi ta kiran bidiyo, bayan nasa ya yi ƙara ya mutu ana tsaka da yankan farantin ƙofa.

Da ya kira ni, abin da ya fara faɗa shi ne, "Yaya, ban yi masa komai ba, haka kawai ya ƙone." Sai da na matsa masa da tambaya sannan labarin ya fito. Tun shigowar bazara injin yake tsayawa da kansa, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kunnu, sai an jira mintoci kafin ya sake tashi. Da abin ya ishe shi, ga masu aiki suna jira, sai ya kai shi wurin wani mai gyara, shi kuwa ya haɗe wayoyi biyu na ma'aunin zafin da ke manne a jikin alminiyam mai janye zafin injin, fitilar ta daina kunnuwa. Injin ya yi mako uku yana yanka ba tsayawa, a na huɗu ya tafi gaba ɗaya. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin abin da aka kashe shi ne kaɗai yake tsare da injin.

Ku dubi wannan tambarin da ke bayan injin. An rubuta kashi 60 cikin ɗari a amfiya 40, ma'anarsa kuwa a cikin kowane minti 10, minti 6 ne na yanka, minti 4 na hutu, fanka tana ci gaba da juyawa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta injinan walda tana auna wannan lissafi ne a yanayin zafi na digiri 40. Wanda ya san Gombe a watan Maris da Afrilu ya san cewa rana tana kai wannan a sarari, balle a ƙarƙashin rumfar kwano da azahar. Saboda haka injin da zai yi minti 6 a nan Bursa cikin sanyin hunturu, a shagon ƙanena ba lallai ne ya kai haka ba, kuma tsayawar da yake yi daidai ce.

Kafin in buɗe murfin, akwai abin da na sa ƙanena ya maimaita mini sau biyu. Wutar bolt 230 da ke shiga injin ana mayar da ita wuta mai tafiya hanya ɗaya, a tara ta a cikin waɗannan manyan kafasitoci, inda take kaiwa kusan bolt 325, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare filogi. Sai a zare, a jira, a auna da mita, in da saura a sauke ta da rasista ko ƙwan fitila mai zare. Kada a gitta sukundireba a kansu, domin tartsatsin yana cin layukan allon kuma yana iya raunata ido.

Da ya buɗe, sai na ce masa kada ya taɓa komai tukuna, ya kusanto da hancinsa sannan ya kusanto mini da kyamara. Ƙauri ne ya fara kai shi kusurwar da matsalar take. Allon wayoyin da ya kamata ya zama kore ya koma ruwan ƙasa a kewayen ƙafafun tiransistocin da ake kira IGBT, waɗanda ke kunna wuta da kashe ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa guda. Irin wannan canjin launi ba na rana ɗaya ba ne, dahuwa ce ta makonni. Dalmar da ta liƙe ƙafafun ta dushe, har da tsaga mai zagaye kamar zobe, wurin da ya tsage kuwa yakan ƙara haifar da zafi da kansa. Ɗaya daga cikin kafasitocin kansa ya kumbura maimakon ya kwanta sumul. A jikinsa an rubuta digiri 105, kuma masu wannan aiki suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanan kafasita irin wannan.

Daga nan muka koma kan mita. Ga yadda ake yi: a juya ta zuwa alamar dayod, a ɗora tsinkayen biyu a kan ƙafar tsakiya da ta dama ta tiransistan, sannan a musanya su. Mai lafiya yana nuna adadi ta fuska ɗaya kawai. Biyu daga cikin na ƙanena sun yi ta ƙara ta kowace fuska, wato sun narke ta ciki. Na hana shi sauya waɗannan biyun kaɗai, domin idan IGBT ya ƙone yakan tafi da ƙananan rasistocin da ke ƙafar da ake ba shi umarni, kuma sabon da aka ɗora a kan lalatattun rasistoci a kunnawar farko zai bi sahun tsohon. Farin man da ke tsakanin tiransista da alminiyam ma ya bushe ya zama gari, dole a goge shi a shafa sabo, siriri ƙwarai.

Asalin ciwon kuwa yana bayan fanka. Haƙarƙarin alminiyam ɗin ya toshe da ƙurar hazo ta watannin hunturu, gauraye da garin ƙarfe, domin ƙanena ya ajiye injin a ƙasa kusa da inda yaransa suke gurza ƙarfe. Garin ƙarfe ya fi ƙura illa, tunda bayan toshe iska yana ɗaukar wuta daga layi zuwa layi. A nan kowane wata muke buɗe injinanmu mu hure su da busasshiyar iska, muna riƙe fankar da yatsa don kada ta yi gudun da zai lalata ta. A Gombe ina ganin duk mako biyu ya fi dacewa daga Disamba zuwa Afrilu. Mai na'urar auna zafi daga nesa kuma ya manna baƙin tef a kan alminiyam ya auna a kansa, domin ƙarfe mai ƙyalli yana sa ta nuna adadin da bai kai na gaskiya ba.

Saura bakin yankan. Wannan guntun da na kwance shi ne ilaktirod, a tsakiyarsa akwai ɗigon wani ƙarfe mai suna hafniyam, daga nan harshen wutar da ya haura digiri 20,000 yake fitowa. Idan ramin da ke tsakiyar ya wuce zurfin milimita ɗaya, lokacin sauyawa ya yi, kuma a sauya shi tare da bakin jan ƙarfen, wanda hudarsa in ta daina zama da'ira sai yanka ya karkace. Matsin iskar kwamfuresa ya tsaya wajen bar 5 ga injin wannan girman, kuma iskar ta zama busasshiya. Da na sa ƙanena ya kwance mazurarin da ke ƙasan tankin kwamfuresarsa, ruwa mai tsatsa ne ya zubo, ga shi damina ba ta ma faɗi ba. Yanzu ya mayar da ma'aunin zafin yadda yake, ya ɗora injin a kan benci nesa da masu gurza, muna jiran tiransistocin su iso, kuma kunnawar farko ta cikin ƙwan fitila za mu yi ta domin ya taƙaita wutar idan da sauran matsala, ina kallo daga nan.