Hilux ko babbar jif, wacce ta fi dacewa in za ka fita da iyali kwana a daji?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau maganar mota za mu yi, amma ta mai iyali, wanda yake so in an yi hutun makaranta ko bayan sallah ya kwashi matarsa da yara su tafi irin Yankari ko Mambila ko Gashaka su kwana biyu uku a waje, da tanti da kula da tukwane da komai. Kuɗin mota ɗaya gare shi, kuma ya tsaya tsakanin biyu: a-kori-kura mai ƙofa huɗu irin Hilux, ko babbar jif irin Prado, Land Cruiser ko Sequoia.

Abu na farko da ya kamata ka sani, motocin nan biyu ta ƙasa kusan dangin juna ne. Dukkansu bodi ne aka ɗora kan shasi na ƙarfe, shi ya sa suke jure hanyar daji. Jif ɗin Fortuner ma kan shasin Hilux aka gina ta, Sequoia kuma ƙanwar Tundra ce, wato babbar a-kori-kurar Toyota. Saboda haka tambayar wai wacce ta fi ƙarfi ba ita za ta raba maka gardama ba, duka biyun za su kai ka in dai akwai lafiyayyen taya da giyar ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗun motar duka su ja. Abin da zai raba maka ita shi ne mutum nawa za ka ɗauka, kuma wane irin kaya ne zai bi ku.

To mu fara da kawuna. Hilux mai ƙofa huɗu mutum biyar take ɗauka har da direba, biyu gaba uku baya, shikenan, bel biyar ne a ciki. In kai da madam ne da yara uku toh kun cika ta cif, babu wurin ƙanwar matarka, babu wurin Hajiya in ta ce ita ma za ta je. Kuma a nan ne nake so in tsaya in yi magana da babbar murya, domin na san abin da wasu za su ce, ai sai a shimfiɗa tabarma a baya manyan yaran su zauna kan kaya. Dan Allah kar ka yi. Bayan a-kori-kura babu bel, babu rufi, babu abin da zai tare yaro in ka taka birki da ƙarfi ko taya ta fashe ko ka kauce wa akuya, cillo shi motar za ta yi kan kwalta, kuma a gudun da ake yi kan hanyar Bauchi zuwa Gombe wannan ba faɗuwar da ake tashi a kakkaɓe jiki ba ce. Mun saba ganin ana yi a hanyar kasuwar ƙauye har ya zama kamar ba komai, amma sabo bai rage masa haɗari ba ko kaɗan. In kun wuce mutum biyar, maganar Hilux ta ƙare, jif za ka nema. Prado tana da kujeru bakwai a yawancin samfurinta, Land Cruiser da Sequoia har takwas ana samu.

Amma jif ma tana da nata tarkon, wanda mai saye ba ya gani sai ranar tafiya. Kujerun nan na layi na uku a cikin but suke zaune. A wurin dillali za ka gan su a naɗe, but ɗin ya yi maka faɗi ka ce ai wannan har katifa za ta shiga, ranar da ka buɗe su yara biyu suka zauna sai ka ga abin da ya rage a bayansu bai wuce wurin jaka biyu uku da ƙaramar kula ba, musamman a Prado. Sauran kayan ina za su? Sai saman mota. Kuma saman mota yana da iyaka, kowane kamfani ya rubuta kilo nawa rufin zai ɗauka a littafin motar, nauyin ƙarfen keriyar ma a ciki ake lissafa shi. Jif dama doguwa ce, in ka ƙara jibga mata nauyi a ka sai ta riƙa rinjaya a kwana, irin kwanonin hawan Mambila kafin ka kai Gembu ba wurin da za ka so motarka tana layi ba ne. Abin da ya dace da sama shi ne mara nauyi mai cin wuri, tanti, katifu, barguna, tabarmi. Ruwa da mai da tukunyar gas ba na sama ba ne.

Yanzu mu zo kan nauyi, wanda a ganina shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Kowace mota tana da iyakar abin da za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Hilux a wajen kilo 1000 take, tan guda kenan, domin a baya sifirin na faranti ne da ita irin na motar kaya. Prado da Land Cruiser kuwa duk girman nan nasu abin da suke ɗauka yana tsakanin kilo 600 da 700 ne, saboda ita kanta motar ta riga ta yi nauyi da kujeru da gilasai da esi na baya da sauran kayan jin daɗi. Bari mu yi lissafi na misali. Manya uku, a ce kilo 220. Yara huɗu, a ce 120. Kun zama 340 tun ba a sa ko cokali ba. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 kenan. Kula cike da ƙanƙara da nama da lemo 40, tanti da katifu 50, gas da tukwane da kayan abinci 60, ƙaramin janareta da jarkar mansa 45, jakunkunan kaya 60. Ka tara ka gani, kun doshi 700. Wato jif ɗin ta kai maƙura, alhali Hilux da mutum biyar da irin wannan kayan har yanzu tana da sauran wuri. Mota in ta wuce iyakarta birki ne ke fara nunawa, sai taya ta yi zafi, sai shokazoba su mutu tun lokacinsu bai yi ba. Kuma kar girman Tundra ya ruɗe ka, mai ƙofa huɗun nan da ake kawowa daga Amurka kujerar bayanta ta fi ta Hilux sakewa nesa ba kusa ba, amma a ɗaukar nauyi Hilux ta fi ta.

Sai irin kayan. Nan ne a-kori-kura take cin jif ba tare da gardama ba. Jarkar fetur, janareta, tukunyar gas mai kilo 12.5, gawayi, itace, tantin da ruwa ya jiƙa ya kwashi laka, takalman yara, buhun shara da za ku dawo da shi, duk waɗannan a Hilux waje suke, a bayan gilashi, in kun dawo gida ka sa tiyo ka wanke. A jif kuwa ɗaki ɗaya kuke da su. Warin fetur a cikin mota mai rufaffen gilashi da esi a kunne yana sa yara jiri da amai, gas in yana tsiyaya ko kaɗan a ciki yake taruwa, kuma duk abin da ba ka ɗaure ba, in ka taka birki na gaggawa gaba zai taho kan wuyan wanda ke zaune. Saboda haka mai jif doka biyu gare shi: mai nauyi a ƙasa a jikin bayan kujera a ɗaure da igiya, kuma kada kaya su wuce tsayin kujerar.

To amma buɗaɗɗen baya shi ma da kuɗinsa. Ƙura ta farko, in ka bi hanyar birji da rani, ko cikin hunturu, duk abin da ke baya ja zai koma, ko ka sa murfi ƙurar tana shiga ta gefen ƙofar baya, dole kayan sawa da abinci su shiga leda ko akwati mai murfi. Ruwan sama na biyu. Na uku hannun mutane, ka tsaya sallah ko cin abinci a hanya sai wani ya zauna gadin kaya. Na huɗu kuma, wanda duk wanda ya taɓa zuwa Yankari ya sani, gwaggon biri. A sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan yake wanda zafinsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina, birai sun saba da mutane har ba sa tsoro, suna kallon hannunka suna kallon ledar da ka riƙo. Ka ajiye Hilux da burodi da ayaba a baya ƙarƙashin tamfol, kafin ka juya babban ya hau, ya ɗaga gefen tamfol ɗin da hannu ya zaro ledar ya yi gaba, sauran su biyo. Jif kuwa ka ɗaga gilashi ka kulle, magana ta ƙare. Shi ya sa nake cewa duk mai sayen Hilux don irin wannan tafiya ya sa kuɗin rufin baya mai makulli a cikin lissafinsa tun farko, tamfol da igiya ba su isa ba.

Zaman ciki fa? Daga Kano zuwa Yankari tafiyar wuni ce in ka haɗa da tsaye-tsaye, daga ƙofar shiga ta Mainamaji ma sai ka ƙara sama da kilomita 40 kafin ka kai Wikki. Kujerar bayan Hilux a miƙe take, ba ta kwanciya sosai, wurin ƙafa kaɗan ne, kuma sifirin nan na faranti in babu kaya a baya tsalle take yi a kan gargada, sai an ɗora mata nauyi take lafawa. Prado da Land Cruiser sifirin na murɗe ne da su a baya, suna shanye rami, ga esi har layin ƙarshe. In akwai dattijuwa mai ciwon baya ko mai juna biyu ko jariri a tafiyar, wallahi bambancin ba ƙarami ba ne. Ga kuma dare. In hadari ya taso ko yara suka tsorata da kukan daji, jif ka kwantar da kujeru ka shimfiɗa katifa su kwana a ciki a kulle. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa a wajen mita ɗaya da rabi ne, babba ba zai miƙe ba sai an sauke ƙofar baya. Sai dai duk wadda kuka kwana a ciki kar a bar inji a kunne don esi, kuma janareta a kai shi nesa da tanti, hayaƙinsu yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kashe mai barci.

Giyar ogzilari a taƙaice: Hilux a kwalta H2 ake tafiya, wato ƙafafun baya kawai ke ja, in ka shiga yashi ko laka ka sa H4 ƙafa huɗun su ja, wurin hawa mai tsanani ko tsallake rafi L4, wato ƙafa huɗu a ƙaramar giya mai ƙarfi, kuma da ka dawo busasshiyar kwalta ka mayar H2 don kar ka wahalar da giyar. Prado da Land Cruiser ƙafa huɗun kullum suna aiki, ba sai ka tuna ba. In za ka sayi Hilux ko Sequoia ta hannu ka duba da kyau, akwai masu jan baya kawai, ba duka ke da ogzilari ba.

Mai kuma, tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda zai yi wasa da shi. Hilux mai injin fetur 2.7 ko dizal 2.4 da 2.8 tankinta lita 80 ne. Land Cruiser 200 mai tanki biyu lita 138 take sha kafin ta cika, yana da amfani a inda gidan mai ya yi nisa kamar hanyar Serti zuwa cikin Gashaka, amma ranar cikawa aljihu zai ji. Sequoia mai V8 5.7 ta Kwatano za ka same ta da sauƙin kuɗi in ka kwatanta da Land Cruiser, sauƙin nan a gidan mai za ka biya shi. Sannan ka tuna kwanan dajin nan sau ɗaya ko biyu ne a shekara, sauran kwanakin motar kai yara makaranta za ta yi, ko ɗauko taki da buhunan masara daga gona. Mai gona ko shago Hilux za ta yi masa aiki kullum, kuma kayan gyaranta da bakaniken da ya san ta akwai su kusan kowane gari.

In ni za ka tambaya, iyali mai mutum biyar ko ƙasa da haka, masu tafiya da janareta da gas da jarkoki, Hilux mai ogzilari da rufin baya mai makulli ta fi musu. Daga shida zuwa sama jif, kuma a rage kaya, a bar janareta a gida a tafi da fitilun sola, ko a haɗa tafiyar da wani ɗan uwa mai mota a raba nauyin. Kafin ka biya kuɗi ka je wurin motar da iyalin gaba ɗaya, kowa ya zauna inda zai zauna ya ɗaura bel, in jif ce a buɗe layi na uku, sannan ka ɗauko kular gidanku da jarka biyu ka gwada sa su a baya ka ga ko ƙofar za ta rufu. Kuma ko wacce ka saya, kafin ka ɗauki hanya ka kira ofishin wurin da za ka ka tambayi halin hanya da tsaro a wannan makon, ka duba safaya taya da jak, ka fita da wuri don ka isa da rana.