Kofunan ataya huɗu da lissafin Futurama

SULEMANA: Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka daga Nima, a nan Ankara babban birnin Gana. Sulemana ne, ga Yaya Mariya, ga kuma Malam Awudu. A gabanmu akwai kofunan ataya huɗu da guntayen takarda huɗu. Mai sauraro ma ya nemo nasa tun yanzu, don za a buƙace su. Yau Futurama muka sa a gaba.

MARIYA: Ga wanda bai san shi ba, shirin zane ne na barkwanci daga Amurka. Matt Groening ya ƙirƙiro shi, suka gina shi tare da David X. Cohen, aka fara nuna shi a tashar Fox ranar 28 ga Maris 1999. Labarin Fry ne, wani saurayi mai kai wa mutane abinci a Niyok. A daren 31 ga Disamba 1999 ya faɗa cikin na'urar daskarar da mutum, bai farka ba sai 31 ga Disamba 2999. Ya samu aiki a kamfanin kai kaya tsakanin duniyoyi na Farfesa Farnsworth, tsoho tukuf wanda kuma daga zuriyar wan Fry ɗin ya fito. Abokan aikinsa su ne Leela mai ido ɗaya da ke tuƙa jirgin, da Bender mutum-mutumi.

AWUDU: Abin da ya ɗaure ni da shirin nan shi ne, in suka rubuta lamba a allo, ɗauki biro ka duba, za ka same ta daidai. Cohen ya karanci kimiyyar fizis a Harvard. Ken Keeler, ɗaya daga cikin marubutan, digirin digirgir gare shi a lissafi daga can Harvard ɗin. Mutanen nan suna girmama mai kallo, ba sa yi masa rufa-rufa.

SULEMANA: Malam, fara mana da kuɗin bankin nan.

AWUDU: To. A zangon farko, Fry ya je banki ya tarar asusunsa na da bai mutu ba. Abin da ya bari a ciki santi 93 ne, ko dala ɗaya bai cika ba. Kuɗin ruwa kashi 2.25 cikin 100 a shekara, har shekara 1000. Ma'aikaciyar ta ce masa kuɗin ya zama dala biliyan 4.3.

MARIYA: Mu faɗa tun da wuri, Malam, lissafin muke yabawa. Hukuncin riba kowa ya san shi tun daga makaranta.

AWUDU: Haka yake, Mariya. Amma shi lissafin yana da kyau mutum ya gane shi, ko don ya san yadda bashi ke cinye mai shi. Ga inda mutane ke kuskure. Sai su ɗauki ruwan shekara ɗaya, wajen santi 2, su ninka sau 1000, su haɗa da uwar kuɗi, su samu dala 22 ba ta cika ba, su ce shirin ya yi ƙarya. Abin da suka manta shi ne kowace shekara ruwan yana komawa cikin uwar kuɗi, shi ma ya haifi nasa. A wannan kaso, kuɗi na ninkuwa biyu a cikin shekara 31 da 'yan watanni. Raba 1000 da 31, ka ga ninki 32 ke nan da ɗan ɗori. Ɗauki 1 ka riƙa ninka shi biyu har sau 32, za ka wuce biliyan 4. A waya kuwa, rubuta 1.0225, ɗaga shi zuwa 1000, ka ninka da 0.93. Biliyan 4.28 za ka gani.

SULEMANA: Kuma duk wannan aikin saboda maganar da ba ta wuce daƙiƙa goma ba a allo.

MARIYA: Akwai ma wadda ba a ko faɗinta, sai dai ka tsayar da hoto ka gani: 1729. Tana jikin jirgin Zapp Brannigan, wani kyaftin a cikin shirin, tana kuma katin gaisuwar da aka aiko wa Bender. Lambar motar hayar da Hardy, masanin lissafi ɗan Ingila, ya shiga ce lokacin da ya je duba Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, yana jinya a Ingila, Ramanujan ya nuna masa cewa ita ce lamba mafi ƙanƙanta da za a samu ta hanya biyu in aka haɗa lambobi biyu da aka ninka kowacce da kanta sau uku: 12 sau 12 sau 12 a ƙara 1, ko kuma 10 sau 10 sau 10 a ƙara 9 sau 9 sau 9.

SULEMANA: Wato 1728 da 1, ko 1000 da 729. To Malam, a jawo kofuna.

AWUDU: Kashin shirin da ya kawo mu ga kofunan nan sunansa "The Prisoner of Benda", na watan Agusta 2010, Keeler ne ya rubuta shi. Farfesa da Amy, mai koyon aiki a wurinsa, sun ƙera na'ura mai kujeru biyu. Mutum biyu su zauna, hankalin wannan ya koma jikin wancan, na wancan ya dawo jikin wannan. Sai bayan sun gwada suka gane illarta: jiki biyun da suka taɓa musaya da juna ba za su sake yi da juna ba har abada.

MARIYA: A lura, jiki aka ce, ba hankali ba. Nan ne masu gwadawa a gida suke rikicewa. Kofi shi ne jiki, takardar da ke ciki ita ce hankali. Dokar a kan kofuna take, takarda kuwa ta yi ta yawo yadda ta ga dama.

AWUDU: Madalla. Mu sa wa kofi biyu suna, Ali da Bala, a rubuta a jikinsu. Sun riga sun yi musaya: takardar Bala tana kofin Ali, takardar Ali tana kofin Bala. Kofin Ali da na Bala ba za su ƙara haɗuwa ba. Sulemana, ga baƙo ɗaya, Garba, da takardarsa a cikin kofinsa. Gyara mana.

SULEMANA: Bari in gani. Na haɗa kofin Garba da na Ali. Yanzu Garba na riƙe da takardar Bala, Ali na riƙe da ta Garba. Sai na haɗa Garba da Bala. Bala ya samu tasa, alhamdu lillahi. Garba kuma ya karɓi ta Ali. Saura in haɗa Garba da Ali… a'a, na riga na haɗa su.

AWUDU: Ka ga inda ta tsaya. Ko ta ina ka fara, baƙo ɗaya ba zai fitar da kai ba, matsalar kawai ka ɗauke daga kan wani ka ɗora wa wani. Yanzu ga baƙo na biyu, Danladi. Mai sauraro ya bi mu a hankali, musaya biyar ce. Mayar da komai yadda yake da farko.

SULEMANA: Na mayar.

AWUDU: Ta ɗaya, Garba da Ali: Garba ya karɓi takardar Bala, Ali ya riƙe ta Garba. Ta biyu, Danladi da Bala: Danladi ya karɓi takardar Ali, Bala ya riƙe ta Danladi. Ta uku, Garba da Bala: Bala ya samu tasa, Garba ya tashi da ta Danladi. Ta huɗu, Danladi da Ali: Ali ya samu tasa, Danladi ya tashi da ta Garba.

MARIYA: Masu gida sun warke, baƙi sun kamu.

AWUDU: Amma baƙin nan biyu ba su taɓa zama da juna ba, shi ya sa muka yi ta kaffa-kaffa da su. Ta biyar, Garba da Danladi, kowa ya koma gidansa. 

SULEMANA: To in mutanen sun kai ashirin fa, Malam, an yi ta musaya har ba wanda ya san inda aka kwana?

AWUDU: Nan ne ƙa'idar Keeler ta yi kyau. Ko mutum nawa ne, ko yaya aka hautsina, baƙi biyu sun isa. Ba kwa buƙatar tuna yadda aka yi aka rikice. Abin da za ka fara yi shi ne raba su zobe-zobe. Ɗauki kofi ɗaya, duba takardar wa ke ciki, je kofin mai takardar, duba ta wa ke cikinsa, ka ci gaba har ka dawo kofin da ka fara. Wannan zobe ɗaya ke nan. Kowane zobe da hanyar Keeler yana cin musaya daidai yawan mutanensa a ƙara biyu. Namu na mutum biyu ya ci huɗu. Kuma duk zoben da aka warware, takardun baƙin nan suna sauya wuri sau ɗaya. Saboda haka in zobba biyu ne ko huɗu, baƙin za su tsinci kansu daidai. In ɗaya ne ko uku, sai an yi musayar ƙarshen nan tsakaninsu.

MARIYA: A cikin shirin zobba biyu ne. Fry da Zoidberg likitan kamfanin su kaɗai, sai kuma zoben mutum bakwai, har da bokitin wanke ƙasa da wani sarkin mutum-mutumi. 'Yan wasan ƙwallon kwando biyu na Globetrotters su ne baƙin, ɗayansu ya rubuta hujjar a allo, kuma hujjar gaske ce, ana iya tsayar da hoton a karanta. Huɗu da tara, musaya 13.

AWUDU: Masu kallo kuma suka gano da tara ma za a gama. Tunda Fry da Zoidberg da juna kawai suka yi, ba su taɓa zama da sauran bakwai ɗin ba, su ma za su iya zama baƙin. Warware zoben bakwai zai ci tara, kuma a hanya zai juya takardunsu biyu sau ɗaya, wanda dama shi suke nema. Wannan bai rage wa Keeler komai ba, shi alkawarinsa shi ne hanya mai aiki a kowane hali, bai ce ita ce mafi gajarta ba. Ni abin da ke burge ni, marubucin barkwanci ya zauna ya kafa hujja don kada ya yaudari mai kallo a minti biyun ƙarshe. Zai iya cewa Farfesa ya gyara na'urar, ba wanda zai kai ƙara.

SULEMANA: Yaya, rubutun nan na baƙin halittu da ke jikin bango fa?

MARIYA: Iri biyu ne manya. Na farko harafi ne a madadin harafi, kuma tun a kashin farko tallar lemon Slurm ta bayar da mabuɗinsa, masu kallo suka fasa shi nan da nan. Sai marubutan suka kawo na biyu mai tarawa. A jerin haruffan Turanci, A shi ne 0, B shi ne 1, har Z ya zama 25. Kowace alama jimillar harafinta da haruffan da suka gabace shi ce, in ta kai 26 a cire 26. Mu rubuta NIMA. N 13 ne, alamar farko 13. I 8 ne, 13 da 8 sun ba da 21. M 12 ne, 21 da 12 sun ba da 33, a cire 26, saura 7. A sifiri ne, alama ta huɗu ma 7. Saboda haka duk inda ka ga alama biyu iri ɗaya a jere, ta biyun A ce. Wajen karantawa sai ka riƙa cire ta baya daga ta gaba, in ba ta ciruwa ka ƙara 26. Kuskure ɗaya wajen tarawa yana sauya duk alamomin da ke biye da shi.

SULEMANA: Mai son farawa ya fara daga ina?

MARIYA: Daga kashi 72 na zamanin Fox, 1999 zuwa 2003. Sai finafinai huɗu na faifai daga 2007 zuwa 2009, waɗanda aka yayyanka suka zama kashi 16. Sai Comedy Central, 2010 zuwa 2013, kashi 52. Hulu ta dawo da shi a 2023. A nemi kashi da sunansa, kada a dogara da lamba, domin Fox ba ta nuna su bisa jerin da aka yi su ba, lambobin zango suna saɓawa daga wuri zuwa wuri. Iyaye kuma su sani, zane ne amma ba na ƙananan yara ba ne. Giya ce man Bender, bakinsa kuma ba linzami.

AWUDU: Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Kofi uku: takardar Bala a kofin Ali, ta Hassan a kofin Bala, ta Ali a kofin Hassan. Kada a haɗa ukun nan da juna ko sau ɗaya. Baƙi biyu, musaya biyar ta zoben, da ta shida tsakanin baƙin.

SULEMANA: A rubuta kowace musaya a takarda yayin da ake yi, don kada a maimaita kofuna. Malam, miƙo kofunan nan, atayan ya nuna.