Gwajin daskarewar jini kafin a cire tonsil

Assalamu alaikum. Sau da yawa, kafin a cire wa yaro tonsil, wato ƙullutun nama biyu da ke gefen maƙogwaro daga ciki, uwa takan miƙo mini takarda ta ce, "Likita, gwajin jini ya fito lafiya, ke nan ba zai zubar da jini ba ko?" Nakan ce mata a'a, da sauran magana.

Gwaje-gwajen da aka saba yi biyu ne, PT da APTT. A ɗebi jini a hannu, a auna daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya daskare a cikin kwalba. To, kwalba daban, maƙogwaro daban. Akwai cutar von Willebrand, wadda wani likitan Finland ya fara bayyanawa a 1926, ita ce ta fi yawa cikin cututtukan zubar jini na gado. Mai ita, idan ba ta yi tsanani ba, sai gwajinsa ya fito tas. Wani yaron kuma lafiyarsa ƙalau, mura ya yi kwanan baya, sai APTT ya nuna jinkiri, a ɗaga aiki, hankalin iyaye ya tashi a banza. Shi ya sa a 2008 kwamitin masana jini na Birtaniya ya ba da shawarar a daina yi wa kowa da kowa gwajin nan kafin tiyata, a fara da tambaya.

Ni ma tambayar na fi yarda da ita. Yakan yi haɓo ya ƙi tsayawa? Da aka cire masa haƙori, jinin ya tsaya da wuri? Ke kanki, Mama, yaya jinin al'ada, yaya aka ƙare da haihuwa? Yana shan asfirin? In amsa ɗaya ta ba ni tsoro, sai na tura a yi gwaji mai zurfi.

Yanzu ku saurara da kyau. Bayan an cire tonsil, jini yakan zo cikin awa 24 na farko, lokacin galibi muna kusa. Wanda ya fi damuna shi ne na kwana 5 zuwa 10, sa'ad da farin ɓawon da ya rufe wurin yake ɓamɓarewa. Yaro yana gida, kowa ya saki jiki. Ku leƙa shi da dare. Idan yana ta haɗiyar miyau a cikin barci, ko kuka ga jini a matashin kai, ko ya yi amai baƙi-baƙi, ku taho asibiti a daren, ko da jinin ya tsaya kafin ku fito.