Kumfar da Aka Rasa a Huhun Bakwaini

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da malaman jami'a lokacin ƙarin girma ya san irin lissafin da ake bugawa. Maƙala nawa wane ya wallafa? A wace mujalla? Sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa? Tun shekarar 2005 ma wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ke dunƙule aikin malami gaba ɗaya a lamba guda. Idan lambarka 30 ce, to kana da maƙala 30 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Kwamitoci na son wannan lissafi, don yana rage musu gardama. A sharhinmu na yau za mu ɗora aikin wata likitar jarirai a kan wannan sikeli, mu ga ko zai iya ɗaukar nauyinta.

Sunanta Mary Ellen Avery, an haife ta a jihar New Jersey ta Amurka a 1927. Ta gama karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1952, lokacin da matan ajinsu huɗu ne kacal. Ba ta daɗe da fara aiki ba tarin fuka ya kwantar da ita. Jinyar ta ɗauki watanni, kuma a kwancen nan ne hankalinta ya koma kan huhu, yadda yake buɗewa da yadda yake rufewa. Da ta warke ta koma ɗakin jarirai, sai ta tarar da wata cuta da ta gagari likitocin zamanin.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwalbar bakwaini ya san abin da ta riƙa gani. An haifi jinjiri, ya yi kukan farko, an ɗan yi murna. Kafin 'yan sa'o'i sai numfashinsa ya fara sauri. Ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, kuma duk fitar numfashi sai ya yi wani ɗan nishi kamar mai ɗauke da kaya. Leɓɓansa su fara sauya launi. Cikin kwana biyu zuwa uku, ko dai ya farfaɗo da kansa, ko kuma ƙarfinsa ya ƙare. A wancan lokaci likitoci na ɗora laifin a kan wata 'yar tantani da suke gani a huhun jariran da suka rasu, suna zaton ita ce ke toshe hanyar iska. Sunan cutar ma na Turanci daga wannan tantani aka samo shi.

Ita Avery wani abu dabam ta lura da shi. Huhun waɗannan jarirai ba shi da iska a ciki, ya cure kamar hanta, kuma babu kumfa a hanyoyinsa, alhali ana ganin kumfa a huhun jariran da wata cuta dabam ta yi ajalinsu. Kowa na neman abin da ya shiga huhun ya ɓata shi, ita kuwa ta tsaya tana tambayar abin da babu.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don a nan ne zancen yake. Ɗauki leda ka jiƙa cikinta da ruwa, ka ga yadda gefe da gefe ke mannewa har sai ka sa farce kafin ta buɗe. Huhun mutum cike yake da miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, kuma cikin kowacce a jiƙe yake. Da ruwa zalla ne a ciki, da duk fitar numfashi sai jakar ta manne kamar ledar nan. Abin da ke hana haka wani sinadari ne mai maiƙo da huhun ke yi da kansa, wanda masana ke kira safaktan. Yana shimfiɗuwa a kan ruwan ya karya masa ƙarfin mannewa, kamar yadda sabulu ke yi, shi ya sa yake kumfa. Huhun ɗan tayi ba ya tara isasshensa sai wajen mako na 34 zuwa 35 na ciki. Wanda ya riga wannan lokaci fitowa, kowane numfashinsa tamkar hurin farko ne a sabon balan-balan. Babba ma zai gaji, balle jinjirin da bai kai kilo biyu ba.

Gaskiya ita ce ba Avery ce ta gano sinadarin ba. Richard Pattle a Ingila da John Clements a Amurka sun riga ta a tsakiyar shekarun 1950, kuma abin mamaki, dukkansu a cibiyoyin soja masu nazarin iskar guba suke aiki. Tun 1929 ma wani likita a Suwizalan, Kurt von Neergaard, ya yi nuni da batun, aka bar rubutunsa ya sha ƙura. Abin da Avery ta yi shi ne ta ɗauko ilimin daga wurin masu awon kumfa ta kai shi bakin gadon jariri. A birnin Boston, ita da Jere Mead na Jami'ar Harvard suka auna ruwan huhun jariran da cutar ta kashe, suka kwatanta da na wasu, suka wallafa sakamakon a 1959 a 'yan shafuka kaɗan.

To sai me ya biyo baya? Kusan babu komai. Shekara huɗu bayan nan, a watan Agustan 1963, matar shugaban Amurka John Kennedy ta haifi ɗa namiji, Patrick, saura mako biyar da rabi cikin ya cika. Aka garzaya da shi asibitin yara na Boston, manyan likitocin ƙasar suka taru a kansa, har aka sa shi cikin wani ɗaki na musamman mai matsin iskar oksijin. Bai cika kwana biyu a duniya ba. Ɗan shugaban ƙasar da ta fi kowace ƙasa arziki ke nan, a birnin da aka gano musabbabin cutar, amma magani babu. Da a ranar aka zauna auna tasirin maƙalar 1959, da me sikelin zai nuna?

Gwaje-gwajen farko na fesa wani ɓangare na sinadarin a hancin jarirai a shekarun 1960 ba su yi nasara ba, har gwiwar mutane da yawa ta yi sanyi. A 1971 George Gregory a San Francisco ya nuna cewa idan aka riƙa tura iska a hankali ba yankewa, jakunkunan ba sa samun damar mannewa, dabarar da har gobe ake ceton bakwaini da ita. Sai a 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya ɗura wa jarirai 10 safaktan da aka tato daga huhun shanu kai tsaye ta maƙogwaro, numfashinsu ya daidaita cikin ɗan lokaci. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da irin wannan magani ba sai 1990. Ku lissafa da kanku, shekara 31 ke nan daga takarda zuwa kantar magani na asibiti. Malamin da ya fara aiki a shekarar da aka buga maƙalar yana shirin ritaya kafin amfaninta ya bayyana.

Akwai kuma wani reshe da ya tsiro daga gefe. A New Zealand, likitan mata Graham Liggins yana nazarin abin da ke tayar da naƙuda a jikin tumaki, sai ya ga 'yan ragunan da aka ba sinadarin sitiroyid tun suna ciki suna iya numfashi ko da an haife su da wuri. Avery da ɗalibanta suka bi sawun batun a kan raguna da zomaye, suka tabbatar cewa sinadarin na sa huhu ya nuna da wuri. A 1972 Liggins da Ross Howie suka wallafa gwajin da suka yi a kan mata 282 a birnin Auckland, wanda ya nuna cewa allurar da aka yi wa uwa kafin haihuwa na rage cutar a jikin jaririnta. Allura ce mai arha, amma likitoci suka yi ta jan ƙafa fiye da shekara 20, har sai da Cibiyar Lafiya ta Amurka ta kira taro a 1994 ta ce a riƙa yi. Jarirai nawa aka binne a tsakani, alhali amsar na ajiye a ɗakin karatu? Wannan tambaya ce da babu ma'aunin ambato da ke yin ta.

Kada a ɗauka muna raina ƙirga maƙala. Avery da kanta ta yi rubutu da yawa, littafinta na 1964 kan huhun jarirai ya zama abin karatun likitoci, ta shugabanci likitocin asibitin yara na Montreal a Kanada, sannan a 1974 ta zama mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a asibitin yara na Boston, asibitin da Patrick ya cika. A 1991 aka ba ta lambar yabon kimiyya ta ƙasar Amurka. Ko da wane sikeli aka auna ta za ta yi nauyi. Damuwarmu ita ce matashin likitan da ake gaya wa cewa ƙarin girmansa na rataye da yawan abin da ya buga cikin shekara uku. Irin wannan zai yanka bincike ɗaya gida huɗu don lamba ta ƙaru, kuma da wuya ya ɓata wata shida yana tambayar dalilin da ya sa babu kumfa.

Aikin ma bai ƙare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a shekarar 2020, kuma matsalolin haihuwa kafin lokaci ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Safaktan na da tsada, yana buƙatar firiji da ƙwararren hannu, don haka asibitoci da dama a ƙasashe matalauta ba su taɓa ganinsa ba. Allurar Liggins ita ma ta zo da nata darasin. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa idan aka yi ta barkatai, a inda ba a iya tantance watannin ciki daidai, tana iya yin illa. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada ta a asibitoci 29 a Bangladesh da Indiya da Kenya da Najeriya da Pakistan, inda ake duba cikin da na'ura kuma akwai kulawar jarirai. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 cikin ɗari zuwa kashi 19.6.

Ita Avery ba ta ga wannan sakamako ba, don ta rasu a watan Disambar 2011 tana da shekara 84.

A nan za mu dasa aya, sai Allah ya kai mu wani makon. A huta lafiya.