Takin da Ya Nuna: Gyaran Ƙasar Fangalin Gida a Gombe

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Gombe. Malam, mata da yawa sun ɗaga fangali da bulo a tsakar gida suna shuka alayyafo da tumatur, amma kukansu ɗaya ne: ana ban ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙamas.

Malam: Gaskiya ne, Hajiya. Yawancin ƙasar cikin gari rairayi ce, ba kamar ta fadamun Dadin Kowa ba, kuma fangalin da aka ɗaga ya fi saurin tsanewa saboda ruwa yana zurarewa ƙasa, rana tana dukan bulon. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya riƙe laima. Ruɓaɓɓen taki ne yake yin wannan aikin.

Hajiya: To, me zai hana a kwaso kashin kaji a zuba kai tsaye?

Malam: A nan ake yawan asara. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwa, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa ganyen da ake ci ɗanye irin latas. Sai a tara shi a inuwa, a shimfiɗa busasshen ganye ko buntun shinkafa kashi 2, a bi da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya kashi 1, a yayyafa ruwa, a rufe da tsohon buhu, musamman da hunturu. Duk bayan mako 2 a juya shi domin iska ta shiga.

Hajiya: Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne takin bola, domin leda da tsofaffin batura suna cakuɗe a ciki, ga shi abincin yara za a noma. To, takin da aka tara a gida fa, yaya ake gane ya nuna?

Malam: Cikin wata 2 zuwa 3, zafin tsakiyarsa zai sauka, ya yi baƙi, warin ya koma ƙamshin ƙasar ruwan farko. Ki damƙa a hannu: ya dunƙule ba ya ɗiga, ki taɓa ya wargaje.

Hajiya: Nawa ake zubawa?

Malam: A sabon fangali, kashi 1 na taki cikin kashi 3 ya wadatar. A tsoho kuwa, a shimfiɗa kaurin yatsu 3 a sama kafin kowace shuka, toka kuma kaɗan ake barbaɗawa.