Yadda Ake Shirya Sabon Tankin Kifin Ado Kafin a Zuba Kifi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi wannan tankin gilashi: ruwa garai-garai, an shimfiɗa tsakuwa, filta na ta aiki. Duk baƙon da ya shigo zai ce, me ake jira, a zuba kifi mana. To, wanda ya zuba kifi goma a cikinsa yau, kafin mako biyu zai iya fara kwasar gawa, ya ɗora wa mai sayarwa laifi. Alhali sau da yawa kifin lafiyarsa ƙalau, tankin ne bai kama ba.

Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, sauran kuma daga kashi da ragowar abincin da ya ruɓe. A kogin Galma wannan ba wani abu ba ne, ruwa na wucewa da ita. A tanki mai lita 60 kuwa taruwa take yi, ta ƙona masa wurin numfashi. Masu ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne iri biyu. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama naitirayit. Ita ma guba ce, tana hana jini ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa za ku ga kifi ya taso sama yana haki. Na biyu, Nitrospira, su ke mayar da ita naitiret, wadda kifi ke iya jurewa idan ba ta yi yawa ba. Ƙwayoyin nan ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin soson filta da tsakuwa. Su ne kiwonku na farko, kuma kafin su yi yawan da ake bukata akan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8.

Dole a ba su abinci. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum a tankin da babu kowa, ya ruɓe ya ba da amoniya. Tana aiki, sai dai ba ku san adadin da kuka zuba ba, kuma tankin kan yi ƙazanta. Na fi son amoniya zalla, irin wadda masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ke da ita. A ɗiga kaɗan-kaɗan ana aunawa har ta kai ppm 2, wato miligiram 2 a kowace litar ruwa, kada ta haura 4, don idan ta yi yawa aikin ja da baya yake yi. In kun sami ta goge-goge, ku girgiza kwalbar tukuna. Ta yi kumfa? Akwai sabulu a ciki, ku ajiye ta.

Amma hanyar da ta fi kowace sauri, ga ta a hannuna: wannan tsohon soso mai ruwan ƙasa-ƙasa, daga filtar tankin da ya daɗe yana aiki. Kun san yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo cikin sabuwar madara, ta kwana ta kama? Haka soson nan yake yi. Ku roƙi aboki mai tanki ya yago muku rabi, ku ɗauko shi a leda cikin ruwan tankinsa, ku tura cikin filtarku nan take kafin ya bushe. Da shi, aikin kan ragu zuwa mako ɗaya ko biyu. Sharaɗi ɗaya: ku tabbatar kifayensa ba su da ciwo. Akwai kuma bakteriyar kwalba, amma wadda ta sha zafin rana a kanti ba abin dogaro ba ce.

Wasu kan jefa ƙaramar tarwada su ce ita za ta buɗe tankin. Gaskiya ba na so. Rai ne da ita, kuma amana ce a hannunmu, ga hanyoyin da ba sai an azabtar da kowa ba.

Mu a Zariya abubuwa uku ne ke kawo cikas. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, wanda aikinsa ke nan kashe bakteriya, don haka a sa maganin cire shi, kuma kada a taɓa wanke soson filta a bakin famfo, a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin. Ruwan burtsatse ko rijiya ba shi da kulorin, amma a auna pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, in ya sauka ƙasa da 6.5 ƙwayoyin kan yi sanyin jiki. Sai hunturu. Sun fi son ɗumin digiri 25 zuwa 30, mu kuwa a Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da 15, musamman wajejen Samaru da Shika. Ko a sa hita, ko a ƙara haƙuri. Na uku, wuta. Ƙwayoyin nan da oksijin suke rayuwa, in filta ta tsaya sa'o'i da yawa sai su fara mutuwa. Ƙaramin famfon iska mai caji, haɗe da filtar soso, ya fi min duk wani kayan ado da za ku saya.

Ido ba ya nuna tanki ya kama, sai kayan gwaji. Ku ga kwalbar nan ta naitirayit: shuɗi mai haske na nufin sifili, in ta koma shunayya guba na nan. Ranar da kuka zuba amoniya ppm 2, bayan awa 24 kuka tarar amoniya sifili, naitirayit sifili, ga naitiret ta bayyana, to an gama. Ku canza rabin ruwan ko fiye, ku zuba wa alayyafo da tumatir wanda kuka cire, taki ne. Sannan ku fara da kifi uku ko huɗu, abinci kaɗan, ana gwada ruwa duk bayan kwana biyu. In naitirayit ta sake leƙowa, ku canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ku dakata da ƙarin kifi sai ta koma sifili.